Mota ta ƙi tashi bayan shan man bakin hanya: a cire babban famfo ne?

Tambaya ta zo daga wani Alhaji mai Mercedes 2628, mai taya goma, da ke jigilar siminti daga Figil zuwa Marwa da Kusiri. Ya ce direbansa ya sha gazuwal, wato man dizal, na jarka a bakin hanya. Washegari motar ta fara rasa ƙarfi a hawa, tana shaƙewa, daga baya ta mutu. Idan aka buga famfon hannu, wanda ake jawo mai daga tanki da shi, takan tashi, ta yi minti biyar ko goma, ta sake mutuwa. Yau kwana uku ko tashin ma ba ta yi, alhali demarer, wato kik, yana juyawa lafiya lau. Wani makaniki ya duba ya ce a cire babban famfo, wato mai tura mai cikin inji, a kai Garwa. Alhaji yana so ya ji ko a cire ɗin.

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba ka haƙuri, na san nauyin mota ta kwana uku a hanya da kayan mutane a bayanta. Amsata ita ce kada a taɓa babban famfon nan tukuna. Na fi shekara ashirin ina aikin injin gazuwal a nan Garwa, kuma mafi yawan famfunan da ake kawo mini a ƙunshe cikin buhu, idan na bi sawun labarinsu, ba su da laifin komai. Hujjata a kan taka motar tana cikin bayanin da ka yi da kanka: ka ce in an buga famfon hannu takan tashi ta yi minti goma. Famfon da ya lalace ba ya warkewa na minti goma. Abin da ke faruwa shi ne, man da kuka tura masa da hannu ya yi aiki da shi har ya ƙare, sabo kuma bai iso ba. Matsalar tana tsakanin tanki da bakin famfon, kuma a nan ne gyara ya fi arha. In an cire shi, ga kuɗin mota zuwa Garwa, ga kuɗin mai gwaji, ga haɗarin a mayar da shi a saɓa saitinsa, garin neman gira a rasa ido.

Ya kamata kai da direbanka ku san hanyar da man ke bi, don ku riƙa bin ta gaba da gaba. Daga tanki akwai bututun da ya nutse har kusa da gindi. Daga nan tiyo ya ɗauko shi zuwa wata 'yar rariya da ke cikin ƙaramin kofi, sai ƙaramin famfo mai tsotsa, wanda ke manne a jikin babban famfo, shi ne mai famfon hannu a kansa. Shi ke tura man zuwa filtoci biyu, daga filta ya shiga cikin babban famfo. A wannan ɓangaren ƙarfin turin kaɗan ne, bai wuce bar ɗaya zuwa biyu ba (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turi). Babban famfo ne ke ɗaga shi zuwa sama da bar 200, ya aika ta bututun ƙarfe zuwa nozul takwas masu fesa shi cikin silinda, tunda injin 2628 silinda takwas ne a jere biyu, famfon yana zaune a tsakiyarsu. Rarar man kuma ta koma tanki ta wani tiyon. Abin da za ka riƙe shi ne: daga tanki zuwa ƙaramin famfo tsotsa ake yi, daga ƙaramin famfo zuwa gaba turawa ake yi. Inda ake turawa, in akwai huda, mai ke fita, ido zai gani. Inda ake tsotsa kuwa iska ce ke shiga, ba ɗigo, ba danshi, wuri ya bushe ƙayau, mota kuma ta ƙi tashi.

Kafin a ɗauki sifana, a sa yaron mota ya tsaya wajen salansa, direba ya taka totur har ƙasa ya murɗa makulli. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa cikin silinda, kuma na fi zaton abin da za ku gani ke nan. In farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana fita, to man yana zuwa amma ba ya kamawa, wannan zan zo kansa a gaba. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma sha biyar. A saki, a bar demarer ya huce na minti ɗaya ko biyu. Kwana ukun nan da kuka yi kuna gwadawa na tabbata batiran sun yi sanyi, a kai su caji tun yau, domin fitar da iska na cin batir sosai.

Sai tanki. Kada a yarda da allurar geji, a tsoma sanda mai tsabta a gani. Sannan a nemi farar kwalba, irin wadda masu zuwa-zuwa, wato masu sayar da man bakin hanya, ke jerawa a bakin titi, a wanke ta a shanya. A sassauta kusar da ke gindin tanki a tari lita guda, a ajiye kwalbar a inuwa na minti goma. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa, za ka ga layi sarai tsakaninsu kamar an ja da biro. In man ya yi dishi-dishi kamar ruwan tsamiya da aka dama, ruwa ya gauraya da shi. In ka ga wani baƙin abu mai yauƙi yana lilo a kan layin, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, suna toshe filta cikin kwana ɗaya. A shinshina man, a murza shi tsakanin yatsu biyu. Gazuwal na ƙwarai yana da santsi da maiƙo. In ya yi tsinkakke kuma yana warin fitila, an sirka shi da kananzir. A ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda: gazuwal zai bar tabon maiƙo da ba ya gushewa, fetur kuwa zai bushe nan da nan.

Maganar sirkin nan ba zargi ba ne na banza, lissafi ne. A Fabrairun 2024 gwamnati ta kai litar gazuwal sefa 828, aka bar kananzir a 350. Duk inda tazara ta kai haka, za a samu marar tsoron Allah da zai haɗa su a duro ya sayar a farashin mai tsada. Ba na cewa duk mai sayarwa a jarka haka yake. Akwai mutanen kirki da ke ciyar da iyalansu da sana'ar, kuma a wasu wuraren tsakanin Mora da Kusiri direba ba shi da zaɓi. Amma ko mai gaskiya ne, duron da ya kwana a waje cikin damina da murfinsa a kwance ruwa na shiga cikinsa. Illar kananzir kuma ita ce, man da kansa shi ke shafe ƙananan ƙarafan cikin famfo da nozul, in ya rasa maiƙo sai su riƙa cin juna. Mota za ta tashi da shi, ta yi tafiya, ɓarnar sai bayan watanni take bayyana.

Kuna wajen tankin, ku duba murfinsa. Akwai 'yar kafa da tanki ke shaƙar iska ta ciki yayin da mai ke raguwa. Ƙurar hunturu, da ƙurar simintin da motarka ke kwana a ciki, in sun haɗu da danshin mai sukan toshe ta kamar an liƙe da laka. Alamar ita ce, da mota ta mutu ka buɗe murfin, za ka ji ya ja iska fuu. In haka ne, a bar murfin a sassauce a gwada. Na kuma sha ganin an ɗaure bakin tanki da leda da roba saboda murfi ya ɓata, wannan shi ne toshe hancin mota da hannunka.

Ledar nan tana da wata ɓarnar. Akwai wata mota da aka jawo mini daga hanyar Pitowa, an riga an cire famfonta sau biyu a wani garejin, an canja nozul duka, maigidanta ya kashe kuɗi har ya fara maganar sayar da ita. Takan tashi ta yi kilomita biyu ko uku ta mutu, in an bar ta rabin awa ta sake tashi kamar ba ita ba. Muka zare bututun tsotsa daga tanki, muka haska da tocila. Sai ga wani guntun farar leda, bai kai tafin hannun yaro ba, yana yawo a cikin man, da ƙyar ido ke ganinsa. In inji ya ja mai, sai ledar ta taho ta manne a bakin bututu. In inji ya mutu tsotsa ta saki, ta faɗa ta koma yawonta. Da waya muka kamo ta. Mutumin ya riƙe ledar nan a hannunsa ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba. Yadda ka kwatanta taka, tashi da mutuwa bayan 'yan mintoci, ya sa na tuna da ita, musamman da yake masu jarka da leda suke toshe bakin jarkarsu.

Yanzu famfon hannu. Shi kansa yana ba da labari ga wanda ya saurari hannunsa. A warware kansa a fara bugawa a hankali. In ka ja sama ka ji yana riƙewa, ka saki ya koma ƙasa da kansa kamar ana jan sa, hanya ta toshe ta bayansa, wato wajen tanki ko 'yar rariya. In kana ta bugawa fayau, ba nauyi, har hannu ya gaji bai yi tauri ba, to iska yake ja, ko kuma ƙananan bawul biyu da ke cikin ƙaramin famfo sun daina rufewa. In kuwa bugu uku huɗu ya yi tauri kamar dutse amma mai ba ya fita ta gaba, filta ce ta toshe. Shi ma famfon hannun yakan zama mai laifin: robarsa in ta tsufa iska na bi ta nan, ka ga mai yana tsattsafowa ta wuyansa in ana bugawa. Da yawa kuma yara kan manta su murɗe kansa su kulle bayan sun gama.

Gwajin da na fi dogara da shi, wanda zai raba maka gardama cikin rabin awa, shi ne gwajin jarka. A sayo lita goma na gazuwal daga gidan mai, cikin jarka mai tsabta, da tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, mita biyu. A cire tiyon da ya taho daga tanki a daidai bakin ƙaramin famfo, a sa farin tiyon a madadinsa, a ɗaure da kyau, ɗaya bakin a tsoma cikin jarka. A ciro tiyon da ke mayar da rarar mai shi ma a sa a jarkar, in ba haka ba cikin 'yan mintoci litar goman nan za ta koma tanki ku zauna kuna mamakin ina ta shiga. A sa sababbin filtoci, a fitar da iska, a tayar. In ta tashi ta yi rabin awa a sulo, aka taka totur ta amsa, magana ta ƙare: babban famfo lafiyarsa ƙalau, ƙaramin ma haka, laifin yana tanki, ko tiyon da ke tsakani, ko tsofaffin filtocin da aka cire. In kuma a kan jarkar ma ta ƙi, kun wanke tanki daga zargi, sai a matsa gaba. Ka lura da tiyon dawowa a cikin jarkar. Ya kamata mai ya riƙa zuba sosai, babu kumfa. In kumfa ba ta yankewa, akwai inda iska ke shiga har yanzu.

Neman inda iska ke shiga aikin haƙuri ne, kuma nan ne makanikai da yawa ke gajiya su ɗora wa famfo. Wuraren da na fi kama ta: zoben jan ƙarfe da ke kowane gefe na kusoshin nan masu rami a ciki, waɗanda mai ke bi ta tsakiyarsu. Zoben nan sau ɗaya aka yi shi ya matsu. In an kwance an mayar sau biyar ya taurare, ba ya rufewa, ƙara ɗaurewa kuma kusar ce za ta karye. Kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba, a canja su duka. Sai robar kofin 'yar rariya, da kofin kansa in ya tsage. Sai tiyo a inda yake gogar shasi, ka bi shi da yatsa ta ƙasa inda ido ba ya kai wa, hanyar Waza ba ta bar wani abu a mota da ba ta jijjiga ba. Sai bututun cikin tanki, wanda kan tsage daga sama wajen walda. Alamarsa ita ce mota na lafiya in tanki ya cika, ta fara shaƙewa in man ya sauko ƙasa da tsagar. In ido ya kasa, a toshe kafar murfin tanki a hura masa iska 'yar kaɗan, irin ta famfon keke, sai inda ke shan iska ya koma yana fitar da danshi. Kada a kuskura a jona masa iskar birkin mota, bar takwas ce, za ta kumbura tankin ko ta fasa shi.

A kwance kofin 'yar rariya a wanke ta da gazuwal mai tsabta. Filtoci kuwa a canja su duka biyun, kuma a tsage tsohuwar a ga abin da ta tara, shi zai gaya maka abin da ke cikin tankin. Filtar takarda da ta sha ruwa kumbura take yi ta rufe, ba ta wankuwa. Ina roƙon direbobi, don Allah a bar huda filta da ƙusa don a samu a ƙarasa gari, a bar kuma cire ta a tafi haka. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin babban famfo ba ta wuce kashi biyu zuwa huɗu cikin dubu na milimita ba, gashin kai ya ninka ta fiye da sau goma. Ƙasar da ba ka gani da ido ita ce ke kashe shi. Haka nan kada a cika gidan filta da man jarka kai tsaye don a rage wahalar bugu, wani sashe nasa zai wuce cikin famfo ba a tace ba. A cika da famfon hannu. Kuma a sayi filta a wurin wanda ka sani, domin jabu ta yi yawa, kwali mai kyau, ciki takarda 'yar kaɗan.

Fitar da iska tana da jeri, ba a tsallake. A sassauta ƙaramar kusar da ke saman gidan filta, a buga famfon hannu. Da farko za ka ji tsiii, sai kumfa, sai mai da kumfa, sai tsantsar mai. Kada a ɗaure da ganin man farko, a ci gaba har kumfa ta yanke ɗungum, a ɗaure ana cikin bugu. Sai a koma kusar fitar da iska ta jikin babban famfo a yi haka nan. Bayan an ɗaure ta a ci gaba da bugu har hannu ya ji nauyi, ka ji wata 'yar ƙara kirr daga bawul ɗin da ke bakin tiyon dawowa. Bawul ɗin nan ƙaramin abu ne, ƙwallo da sifirin a cikin kusa, aikinsa ya riƙe ƙarfin mai a cikin famfo. In sifirin ya karye ko datti ya tokare ƙwallon, man zai shiga ta nan ya fice ta can bai tsaya ba, mota ta rasa ƙarfi, da safe kuma ta ƙi tashi. A kwance shi a duba, da wuya a tuna da shi.

Daga nan a sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul, biyu a kowane jere sun isa, zagaye ɗaya kawai. Totur a ƙasa, a murɗa makulli. Ana so a ga mai yana tsartuwa tsit, tsit, bi da bi, ba kumfa. A ɗaure a tayar. Za ta kama da ɗingishi da farin hayaƙi, sannan ta daidaita. A wannan lokacin kowa ya janye hannunsa da fuskarsa. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata kamar allura, raunin ƙarami ne a ido amma yana iya sa a yanke yatsa. Duk wanda man ya huda a kai shi asibiti nan take, kada a ce a shafa magani a gani.

To in mai tsantsa yana fita a jikin babban famfo amma ko ɗigo bai zo bakin nozul ba, har yanzu da sauran abu guda kafin a yanke masa hukunci. Irin motarka da maɓallin birkin inji ake kashe ta, wanda direba ke takawa a ƙasa da ƙafar hagu. Iska ce ke tura ƙaramin silinda, ya rufe marfin cikin salansa, a ja famfo zuwa inda ba ya ba da mai. In silindan ko sandarsa ta cije, ko sifirin mayarwa ya fita, famfo zai zauna a kashe, ku kwana kuna murɗa makulli. A ɗaga kan mota, a bi sandunan da hannu, a tabbata kowanne ya koma mazauninsa, a tabbata kuma in an taka totur hannun famfon yana tafiya har ƙarshe.

Sai duk wannan ya wuce ne zan yarda a cire. Kuma yana iya faruwa: in ruwa ya ketare filta ya kwana cikin famfo, tsatsa kan kama sandar da ke juya ƙarafan ciki, ta cije a wuri guda. Shi ya sa ba na son motarka ta ƙara kwana da wannan man a cikinta. In ta kai ga cirewa, a juya inji a tsayar da shi kan alamar saiti, a yi shaida kafin a kwance, a toshe bakin kowane bututu. A kai famfon da nozul takwas ɗin tare wurin mai na'urar gwaji, a gwada a gabanka. Ranar da aka mayar, wani ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin shan iska. In sandar ta cije a buɗe, inji zai ruga da gudu ya ƙi mutuwa, toshe masa iska da katako ne kaɗai zai tsayar da shi. Ba da hannu ba, ba da tsumma ba, zai haɗiye shi.

Na ce zan dawo kan farin hayaƙi. Injin gazuwal ba shi da tartsatsi, matse iska yake yi har ta yi zafi sama da digiri 500, man ya kama da kansa. In batir ya yi rauni ko kan batir ya yi tsatsa, juyin ba zai kai ba, zafin ba zai taru ba. Kunne kan ce demarer na juyawa lafiya alhali ya rage gudu. A duba batiran biyu, filtar iska, da marfin salansa ko ya maƙale a rufe. In duk suna lafiya, sai a yi maganar nozul, saiti, ko ringin da ya gaji. Irin wannan ya fi bayyana da asubar Disamba da Janairu, musamman a Ngawundare da ke kan tudu. Daskarewar mai saboda sanyi kuwa matsalar Turai ce, sanyinmu bai kai nan ba.

Abu biyu nake hana yarana. Na farko jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin shan iska. Eh, tana iya tashi, amma fetur yana fashewa tun fistin bai kai sama ba, ƙarar da kake ji ringi ne ke shan duka, kuma wuta kan dawo ta kama hannun mai riƙewa. Ba ya kuma gyara komai, da an janye tsumman ta mutu. Na biyu jan mota da lodi don ta tashi. Inji a kashe ba ya tara iskar birki, sitiyari ya yi nauyi, tan-tan na siminti a baya. A gangara irin ta Mbe wannan wasa da rayuka ne.

Ga masu karatu da ke da sababbin motoci: duk abin da na faɗa daga tanki zuwa filta ya shafe ku, har gwajin jarka. Daga nan hanya ta rabu. Mercedes Actros na farko zuwa na uku kowace silinda da nata famfon, kwamfuta ke ba su umarni, don haka na'urar da ke karanta juyin inji, ko fis, ko makullin da mota ba ta gane ba, kowanne na iya hana mai fita. A karanta lambar da ta fito a dashbod. Motocin da ke tara mai a bututu guda kuwa, ƙarfin cikinsa yakan haura bar 1600. Ba a sassauta bututunsu inji na juyawa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya lalata su. Howo, motar nan ta China, mai famfon da ba na kwamfuta ba kusan hanyarta ɗaya da ta Alhaji, har da silindan iska mai kashe ta.

A taka motar, Alhaji, zatona ya fi ƙarfi a kan ruwa da datti da suka toshe 'yar rariya da filtoci, sannan yawan kwancewa da ɗaurewa na kwana ukun nan ya ƙara buɗe wa iska ƙofa. Ka aika yaro gobe da safe da filtoci biyu, zoben jan ƙarfe kamar ashirin masu girma daban-daban, robar kofi, sabon famfon hannu, farin tiyo da maɗaurai, da lita goma daga gidan mai. In ta tashi a kan jarka, kada a mayar da ita kan tankin haka nan. A juye man duka a duro, a sauke tankin a wanke shi, a haska ciki, a hura tiyon daga gaba zuwa baya. Man da aka juye, in ruwa ne kawai, a bar shi ya kwana biyu ya kwanta, a zuƙi na sama a tace. In warin fetur ko kananzir gare shi kada ya koma mota. Direba ya tafi da wasu filtoci biyu a ajiye, domin ragowar dattin zai biyo baya a tafiyar farko. In ka samu hali a ɗaura mata filta mai raba ruwa a jikin shasi, mai kofi fari a ƙasa, yaron mota ya riƙa zubar da abin da ya taru kowace safiya kafin a tayar, kuma a riƙa cika tanki da yamma maimakon a kwana da shi rabi, don raɓa na taruwa a cikinsa. In aka yi gwajin jarka ta ƙi, ka rubuto mini abu uku: yadda famfon hannu ya ji a hannu, ko akwai kumfa a tiyon dawowa, da ko mai ya tsartu a bakin nozul. Da su zan gaya maka ko lokacin kawo famfon Garwa ya yi. Allah ya tashe ta lafiya.